ISKAR TAYA DA LODIN A-KORI-KURA A HANYOYIN ƘASAR DAURA

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a garin Mai'adua)



Gabatarwa

Da farko ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama saboda damar da suka ba ni ta in tsaya a gabanku. Na san tun da aka sanar da kan maganar wasu suka yi murmushi a zuci, suna cewa ina ruwan ɗalibin jami'a da iskar taya, ai wannan aikin mai faci ne da yaron mota. To, ina roƙonku aron kunne na ɗan lokaci. Kusan duk wanda ke zaune a nan a kan taya ya zo, a kan taya kuma zai koma. Geron da muka ci tuwonsa jiya a kan taya ya iso kasuwa, haka ma bijimin da aka sayar aka biya wa waninmu kuɗin makaranta. Abin da ke ɗauke da rayuka da dukiya irin haka ya wuce a raina shi.

Maganata guda ce, sauran duk bayani ne a kanta. Iskar da ta dace da taya adadi ne sananne wanda maƙeran mota suka rubuta, ana auna shi da geji tun taya na da sanyi, kuma yana tafiya da nauyin lodin da aka ɗora. Ido ba ya auna shi, haurin ƙafa ma ba ya auna shi. Zan yi ƙoƙarin nuna dalili, sannan in faɗi abin da nake gani ya rataya a wuyanmu mu da muka yi karatu.

Mai'adua da a-kori-kura

Duk wanda ya san Mai'adua ya san ranar Lahadi. Tun daren Asabar motoci ke kwararowa, wasu daga Daura da Sandamu da Zango da Baure, wasu daga Kano ta Kazaure, wasu daga Katsina ta Mashi, wasu kuma daga Matamaye da Damagaram ta iyakar Kwangwalam. Manyan motoci su ke kwasar shanu zuwa Kudu, amma aikin tattaro kaya daga ƙauyuka zuwa kasuwa, da rarraba su bayan an tashi, na a-kori-kura ne. Ita ce ta gaji jaki da raƙumi. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ƙirar 404 da 504, waɗanda muke kira Fijo, suka cika hanyoyinmu. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta karɓe fagen, har ta zama motar ɗan kasuwa da ta ma'aikatar gwamnati baki ɗaya.

A-kori-kura tana da wani hali da ƙaramar motar shiga ba ta da shi. Da safe takan fita fayau, ba kowa sai direba da yaronsa, da yamma kuma ta komo da buhuna da awaki da mutane a bisa kaya. Watau nauyin da ke kan tayoyin baya yakan ninka a yini guda. Galibin irin waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki kimanin tan 1, buhu 10 ke nan na kilo 100, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Kowa a nan ya san buhu nawa ake ɗora musu a zahiri. Saboda haka ne batun iska ya fi tsanani a kan wannan mota fiye da kowace.

Mene ne ke ɗauke da lodi?

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka roba ce ke ɗauke da mota, alhali kuwa roba jaka ce kawai, iskar da ke ciki ita ce mai ɗaukar kaya. Wannan dabara ta girmi motar kanta. Wani mutumin Sikotilan mai suna Robert Thomson ya yi rajistar tayar da ake hurawa a 1845, amma ba ta karɓu ba sai da John Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya sake gano ta don keken ɗansa, ya yi rajista a 1888. A 1946 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ƙirar da ake kira radiyal, mai ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zanen taya, wadda ita ce kusan kowa ke amfani da ita yau.

Ana auna ƙarfin iska a Nijeriya da ma'aunin Ingilishi, watau laba nawa ke danna kowane inci murabba'i, shi ne haruffan psi da kuke gani a jikin geji. A nan zan riƙa cewa laba don sauƙi. Da an ƙetara Kwangwalam kuwa sai ma'auni ya sake, don a Nijar da bar suke awo. Bar 1 daidai yake da laba 14.5, saboda haka bar 2.4 kusan laba 35 ke nan. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Daura da Damagaram ya kamata ya haddace wannan.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi na ƙiyasi. A ce taya ɗaya tana ɗauke da kilo 500, watau laba 1,100, kuma an sa mata iska 35. In ka raba 1,100 da 35 za ka sami kimanin inci murabba'i 31. Wannan shi ne faɗin wurin da tayar ke taɓa ƙasa, bai wuce tafin takalmin babban mutum ba. To, a ƙara lodi ya kai kilo 900, watau laba 1,980, a bar iska yadda take. Sai faɗin ya koma inci murabba'i 57. Ta ina tayar za ta samo wannan ƙarin faɗi? Sai ta kwanta, gefenta ya lanƙwashe. In ana so ta tsaya da siffarta ta farko, sai an kai iska wajen 63. Ashe ke nan lodi da iska Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, in ɗaya ya ƙaru dole ɗaya ya bi shi, amma iyakar abin da taya za ta iya jurewa.

Illar ƙarancin iska

Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya. Ba da jimawa ba za ka ji ta yi zafi, in ka ci gaba ta karye. Abin da ke faruwa da taya mai ƙarancin iska ke nan. Duk juyi ɗaya gefenta zai lanƙwashe ya miƙe, kuma tayar a-kori-kura takan yi juyi fiye da 400 a kilomita guda. In iska ta isa, lanƙwasar kaɗan ce, zafin da take haifarwa kuwa yana fita. In iska ta kasa, lanƙwasar ta yi yawa, zafi ya taru a cikin roba har ɗamarar waya ta fara rabuwa da ita. Daga nan sai ƙullutu ya fito, ko zanen ya ɓare, ko kuma taya ta yi bindiga ana tsakiyar gudu. Abin baƙin ciki, ɓarnar da zafi ya yi a ciki ba ta warkewa don an ƙara iska daga baya. Tayar da aka wahalar yau tana iya fashewa bayan wata guda, a ce tsautsayi ne.

A nan ne zan taɓo wata magana da ta yaɗu a tashoshinmu, cewa in bazara ta yi a rage iska don kada zafin kwalta ya fasa taya. Masu wannan magana suna da rabin gaskiya, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gaskiya ne iska na ƙaruwa da zafi: ɗaliban kimiyya sun san cewa iskar da aka kulle a wuri guda ƙarfinta na hauhawa in ta ɗumama, kimanin laba 1 ga kowane digiri 5 zuwa 6. Tayar da aka sa wa 35 da sanyin asuba na digiri 15, in ta ɗumama zuwa digiri 40 za ta nuna kusan 39 ko motar ba ta motsa ba. In an yi tafiya kuma ta ƙara laba 3 zuwa 5. Amma maƙera sun san da wannan, sun sa shi cikin lissafinsu, kuma lafiyayyar taya tana jure ninkin wannan adadi sau da yawa kafin iska ta fasa ta. Wanda ya tsaya a hanya ya sace iskar taya mai zafi, ya ƙara mata lanƙwasa ne, lanƙwasa ta ƙara zafi, zafin ya kawo abin da ake gudu. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Bayan haɗari akwai asara. Taya mai ƙarancin iska takan cinye ta gefe biyu ta bar tsakiya, sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa layi a kwana. Tana kuma shan mai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa duk laba 1 da tayoyi suka rasa na jawo asarar mai ta kimanin kashi 0.2 cikin 100. In sun rasa laba 10, lita 1 ke nan a cikin kowace lita 50. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba direban da zai ce lita ɗaya ba komai ba ce.

Illar yawan iska

Kada wani ya ji wannan ya ce to sai a dinga ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse. Wannan ma cuta ce, kuma ta yi yawa a wurinmu, don sau da yawa adadin da aka sa wa mota mai lodi shi ake bari bayan an sauke kaya, wani lokaci ma har tayoyin gaba ake cikawa haka. In iska ta yi yawa, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, tsakiyar taya ya suɗe ya bar gefe. Bayan mota ya riƙa tsalle a kan gargada, in an taka birki ya ja ƙasa, musamman da damina. Taya mai tauri kuma ba ta da sassaucin da za ta karɓi bugun rami ko dutse, sai zaren cikinta ya tsinke. Wahalar da taya ta ƙi ɗauka kuwa sifirin da sauran ƙafar mota ne za su ɗauka, mai mota ya biya a wurin makanike.

Ina ake samun adadin da ya dace?

Wuri biyu ake dubawa, kuma kowanne da abin da yake faɗa. Na farko shi ne jikin mota. In ka buɗe ƙofar direba, galibi za ka ga wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofa, ko ka duba littafin motar. A nan maƙera suka rubuta girman tayar da ta dace, da iskar gaba, da ta baya. A yawancin a-kori-kura za ka ga adadi biyu na baya, ɗaya na mota ba kaya, ɗaya na cikakken lodi. Wannan shi ne adadin da za ka bi. Ba ni da wani adadi guda da zan ba ku in ce ya dace da kowace mota, domin ƙira ta bambanta, kuma duk wanda ya ba ku irin wannan adadi bai duba motarku ba.

Na biyu shi ne gefen taya. Abin da aka rubuta a nan iyaka ce, watau mafi girman nauyin da tayar za ta ɗauka da iskar da take bukata kafin ta ɗauke shi. Kuskure ne babba a ɗauki wannan a matsayin iskar yau da kullum. Ga misali. Tayar da aka rubuta wa 195R14C, da lamba 106 a gaba, tayar lodi ce. Harafin C na nufin ta motar kaya ce, lamba 106 kuwa na nufin kilo 950, kuma ba za ta ɗauki wannan nauyi ba sai da iska 65. Biyun baya ke nan kilo 1,900, har da nauyin bayan motar kanta. To, akwai tayar ƙaramar mota mai kusan wannan girma, 195/70R14, mai lamba 91, watau kilo 615 kacal. Tana shiga ƙarfen, ta fi araha, a ido kuma kusan duk ɗaya ne. Amma biyunta kilo 1,230 suke ɗauka. Mutum ya rage wa motarsa ƙarfin kilo 670 bai sani ba, kuma ba yawan iskar da zai mayar da tayar ƙaramar mota ta zama ta lodi.

Haka kuma ba yawan iskar da zai halatta lodin da ya wuce ƙima. In an kai iyakar da aka rubuta, abin da ya rage shi ne a sauke buhu, a yi sawu biyu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Yadda ake awo

Na ɗaya, a auna taya tana da sanyi, watau motar ta yi kamar awa 3 a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 ba. Da safe a inuwa ya fi. In larura ta sa dole a auna da zafi, kada a rage komai. In ƙari za a yi, a ɗora kamar laba 4 bisa adadin da aka rubuta, a sake dubawa da safe.

Na biyu, a yi amfani da geji, kuma geji mai gaskiya. Tayar radiyal takan ɗan yi ciki ko iskarta daidai take, kuma tana iya rasa rubu'in iskarta ido bai gane ba. Buga taya da ƙarfe ko haurinta da ƙafa ba ya nuna komai sai cewa ba ta sace gaba ɗaya ba. Geji ma yana tsufa, ya faɗi ƙasa, ƙura ta shige shi. Mai mota ya sayi nasa ya ajiye, ya riƙa gwada shi da na wasu lokaci lokaci. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na taya ɗaya ba.

Na uku, a auna duka biyar, har da safaya. Tayoyi biyu da ke gefe da gefe, hagu da dama, su zama daidai da juna, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe guda in an taka birki.

Na huɗu, a ƙara iskar baya kafin a yi lodi, a mayar da ita bayan an sauke in za a daɗe ana yawo ba kaya.

Na biyar, a duba bawul. Ɗan ruwan sabulu ko miyau a bakinsa zai nuna in yana yoyo. A mayar da murfinsa, don ƙurar hunturu na shiga ta hana shi rufewa sosai.

Na shida, a mayar da awo al'ada. Lafiyayyar taya ma takan rasa kimanin laba 1 a wata, kuma in sanyin Disamba ya sauko za a ga iska ta ragu ko ba huji. Motar gida a duba ta aƙalla sau ɗaya a wata. Motar kasuwa kuwa duk mako, kuma ga mutanen Mai'adua ba ranar da ta fi safiyar Asabar dacewa.

Rairayi da kwalta

Akwai wuri guda da rage iska ke da amfani, kuma direbobinmu sun riga malaman jami'a saninsa. In an sauka daga kwalta aka shiga rairayin hanyoyin ƙauye, taya mai tauri takan haƙa rami ta kafe. In aka rage iska, tafin taya ya yi tsawo, nauyi ya bazu, mota ta hau bisa yashi kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke yi. Da wannan dabara masu Hilux ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku. Amma dabarar tana da sharaɗi biyu. Na farko a tafi a hankali, ban da karya kwana da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga ƙarfenta, kuma mota mai lodi ba ta jure ragi mai yawa. Na biyu, da zarar an hau kwalta a mayar da iska kafin a taka totur. A nan ake yin sakaci: a rage iska a ƙauye, a ɗauko buhuna, a hau titi, a ce sai an kai gari. Ƙarancin iska da lodi da gudu da zafin rana sun haɗu ke nan a kan taya ɗaya. Duk motar da ke shiga rairayi ya kamata ta riƙe famfo, ko na ƙafa ne.

Shekarun taya

Iska daidai ba ta ceton tayar da ta mutu. Roba na tsufa ko ba a yi aiki da ita ba, zafi da rana irin namu kuwa suna gaggauta tsufan. A gefen kowace taya da aka ƙera tun daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Zurfin zane kuma kada ya gaza milimita 1.6, akwai ma 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna an kai wannan iyaka.

Wannan sani ya zama wajibi saboda halin da muka shiga. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop na Ikeja ya bi sahu a 2008, muka koma dogaro da tayoyin waje. Tsada ta tura talaka ga tayar gwanjo, duk da cewa tana cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Tayar da aka ƙera don ƙasar sanyi, ta gama aikinta can, aka matse ta cikin wata aka yo jigilarta, ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ba na zargin direban da kuɗinsa bai kai ba, amma aƙalla ya karanta lambobin kafin ya biya.

Darasi daga waje da gida

Kada mu zaci wannan matsala ta ƙasashe matalauta ce kawai. A Amurka, a watan Agusta na 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan da zanensu ya riƙa ɓarewa a kan motoci ƙirar Ford Explorer suna kifewa. Mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, kuma abin ya fi yawa a jihohi masu zafi. An sami aibi a ƙirar tayoyin, amma iska ma ta shiga cikin gardamar: kamfanin motar ya rubuta laba 26, kamfanin taya ya ce 30 ya fi dacewa. Dubi yadda laba 4 ta zama abin shari'a. A ƙarshe majalisarsu ta yi doka, kuma daga watan Satumba na 2007 duk sabuwar ƙaramar mota sai da na'urar da ke kunna fitila in iskar taya ta ragu da rubu'i. Yawancin motocin da ke zuwa kasuwarmu ba su da wannan na'ura. Gejin da ke aljihun direba shi ne na'urarmu.

A gida kuwa, ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ya nuna tayar baya ce ta fashe ana gudu, aka taka birki da ƙarfi, motar ta ƙwace. Bayan wannan ne hukumar ta tsananta gargaɗi a kan tayoyin da suka wuce shekara 4 da ƙerawa. In motar minista ba ta tsira ba, ina ga a-kori-kura mai buhu 20 da mutum 10 a bisa? Darasin da ke ciki ga kowane direba shi ne, in taya ta yi bindiga kada a danna birki. A riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur sannu a hankali, a bar mota ta rage gudu da kanta, sannan a gangara gefe.

Abin da ya rataya a wuyanmu

'Yan'uwana, yawancin direbobi da masu faci sun fi mu sanin mota nesa ba kusa ba. Abin da ya gagari wasunsu shi ne rubutun da ke jikin ƙofa da gefen taya, don da Turanci da lambobi aka yi shi. Mu kuma mun iya karatun amma ba mu duba. In an haɗa saninsu da karatunmu an gama. Ɗalibin da mahaifinsa ko yayansa ke da mota, ya karanta masa takardar ƙofa, ya rubuta adadin da Hausa, da boko ko ajami, ya manna a gaban direba. A yi haka cikin ladabi, don ba a koya wa babba abu da gatsali.

Ku kuma matasan ma'aikata, da yawa cikinku za a danƙa wa motocin ƙaramar hukuma, ko na asibiti, ko na aikin gona. Hilux ɗin da ke kai allurar rigakafi ƙauye ko ta ɗauko mai naƙuda dukiyar jama'a ce, rayukan cikinta kuma amana ne. Ku sa geji a kowace mota. Ku buɗe shafi a littafin motar inda za a rubuta iskar kowace taya da ranar da aka auna. In an kawo takardar sayen taya, kada ku sa hannu sai kun ga lambar lodi da shekarar ƙira da idonku. Ƙungiyoyin direbobi da na masu faci kuma ana iya zama da su a shirya ranar gwada geji a tasha, kowa ya kawo nasa a gwada da guda mai kyau. Tun da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura a watan Disamba na 2019, ƙasar nan ta zama wurin da ake sa ran ilmin sufuri zai fito. Zai zama abin kunya a ce ana koyar da shi a aji, a bakin ƙofa kuma ana auna taya da ƙafa.

Kammalawa

A taƙaice, iska ce ke ɗauke da lodi. Adadinta na rubuce a jikin mota, iyakarta na rubuce a gefen taya. A auna da geji, da sanyi, bisa ga lodi. Kada a rage saboda zafi, in an rage saboda rairayi a mayar kafin kwalta, in lodi ya wuce iyaka a sauke. Duk wannan bai fi aikin minti 10 ba, rigakafi kuwa ya fi magani. Ina fata ranar Asabar mai zuwa kowannenmu zai buɗe ƙofar motar gidansu ko ta ofishinsu ya karanta abin da ke rubuce.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.